Ruwan Marigayiya

Shafi na 14

Ga masu turo min saƙo wai in riƙa tausaya wa Dakta Fulvio saboda shekarunsa: na ji. Ku karanta wannan shafin, sannan ku sake turowa.

*

Bargon jaririya Nilda ta je ɗaukowa a ma'ajiyar bayan mota, bargon da ta kwashe wata biyu tana saƙawa. Tana ɗaga murfin, wata baƙar leda ta faɗo mata a ƙafa, bakinta ya kwance, goruna suka watse a kan tsakuwa.

Gorunan ruwa ne na roba, masu lita biyu, duk an mammatse su. Ta leƙa ciki. Ga wata ledar, ga kuma wata a bayanta.

"Tsoho!"

Mijinta, Dakta Fulvio Bertolotti, lauya mai ritaya, yana tsallaken titi yana ɗaukar hoto. A bayansa duwatsu ne ja da shuɗi da ruwan ƙasa, waɗanda mutane ke tahowa tun daga Jamus don su gani. Shi baya ya ba su. Motarsa yake ɗauka, farar tafi-da-gidanka mai gado da banɗaki da murhu, wadda ya raɗa wa suna Gimbiya, har ya sa aka rubuta sunan da ruwan zinariya a goshinta.

"Matsa daga nan, tsohuwa, kina ɓata min hoto."

"Zo ka gaya min mene ne wannan."

Ya tsallako a hankali yana gyara hular da ya saya a Mendoza don ya yi kama da mutanen karkara, hular da babu mutumin karkarar da zai yarda a gan shi da ita.

"Shara ce."

"Ai ina da ido. Daga ina?"

"Ni ba na zubar da shara a bakin hanya. Ba tarbiyyar gidanmu ba ce. In mun sami inda ake zubarwa..."

"Fulvio. Daga ina?"

Ya dubi agogonsa. Tun yana kotu haka yake yi idan tambaya ta fi ƙarfinsa.

Nilda ta tsaya tana haɗa abubuwa a ranta. Jiya da yamma, a sansanin da suka kwana, mai gadi ya ce masa, maigida cika tankinka, ƙarfe shida ake rufe famfo, kuma daga nan sai kun kusa garin Jáchal ba za ku ƙara ganin ruwa ba. Dakta ya ɓata minti ashirin yana koya wa mutumin bambancin maigida da Dakta. Sauran lokacin kuma ya kwashe ruwan da ya rage a tanki ya wanke Gimbiya tas, har tayoyi, wai don kada surukai su gan ta da ƙura. Kafin ya gama an rufe famfo. Nilda ta kwanta da baƙin cikin za ta je ganin jikarta karon farko ba wanka.

Da safe ta farka mota na tafiya, ta murɗa famfon banɗaki don kawai ta ji haushi, sai ga ruwa shaa. Ta yi wanka, ta wanke gashi, ta fito ta ce masa ta gode. Rabon da ta faɗa masa wannan kalma har ta manta.

"Ka ce min mai gadin ne ya buɗe maka famfo da asuba."

"Cewa na yi an sami ruwa. Ban ambaci famfo ba. Shekara arba'in ina gaya miki ki riƙa sauraron kalmomi."

"Da ka tsaya da sassafe, na ji ka kana ta kai da kawo. Ka ce taya kake dubawa."

"Na kuma duba tayar."

Ta sake kallon gorunan. Ta zauna a kan matakalar mota.

"Ruwan Marigayiya ka kwaso."

Bai musa ba.

Babu wanda ya taɓa hawa Hanya ta Arba'in bai san waɗannan 'yan ɗakunan na bakin titi ba, da tulin goruna a gabansu. Marigayiya ita ce matar da ƙishirwa ta kashe a jeji, aka tarar da jaririnta da rai yana shan nono. Tun daga nan direbobi da masu bakance ke ajiye mata ruwa. Ɓarawon da zai kwance maka taya huɗu da rana tsaka, in ya zo wurin sai ya cire hula ya wuce.

"Matar nan ta kusa shekara ɗari biyu da mutuwa," in ji Dakta. "In har yau ba ta sha ba, ba za ta sha ba."

"Ka ji tsoron Allah, tsoho."

"Ina jin tsoronsa daidai gwargwado. Kuma kada ki ɗauka na direbobin nan na ɗeba, masu gansakuka a ciki. Ni ba ƙazami ba ne. Akwai wasu a gefe guda, an jera su reras, ko ƙura ba su sha sosai ba. Su na zaɓa. Hamsin da biyu cif, kamar an auna da tankin Gimbiya."

Ya faɗi wannan da irin muryar mai jiran a yaba masa.

Nilda ta sunkuya ta ɗauki gora ɗaya, ta miƙe ta a kan gwiwarta. Akwai rubutu a jiki da baƙin alƙalami mai kauri. Kwanan wata ne, sai harafin D a ƙasa. Ta ɗauki wata. Kwanan watan da ke biye. Ta ɗauki ta uku.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyarwa a firamare. Ta san rubutun yara dubu, ta manta na ɗari tara da casa'in da tara. Amma wannan bakwai mai ɗamara a ƙugu, da wannan biyu mai wutsiya a lanƙwashe, a kan teburin kicin ɗinta aka koye su, da hannunta a kan hannun mai rubutun.

"Rubutun Candela ne."

"Wace Candela?"

"'Ya'ya nawa ka haifa?"

Ya karɓi gorar, ya ɗora tabarau, ya nisanta ta da fuskarsa kamar takardar ƙarar da ba ta cika ƙa'ida ba.

"Shirme. 'Yata ta yi shekara shida a jami'a tana karanta zanen gine-gine. Ba ta kai wa gawa ruwa."

"'Yarka ta yi shekara uku ba ka san me take yi ba."

Wannan kuma gaskiya ce. Tun ranar bikinta, da Dakta ya miƙe da kofi a hannu ya ce yana taya ango Eusebio murna, direban tirela na farko a tarihi da ya yi dakon mai digiri ya kuma riƙe kayan, Candela ba ta ƙara ɗaga wayarsu ba. Labarin haihuwa ma a hoto Nilda ta gani, wata biyu da suka wuce, da saƙo layi uku a ƙasa: Sunanta Deolinda. Ku zo ranar Lahadi ta farko a watan Maris, ƙarfe ɗaya na rana. In Baba ya faɗi magana ɗaya, ko kuka makara, kada ku ƙara zuwa.

Tafiyar da motar haya ke yi a kwana ɗaya, Dakta ya mayar da ita kwana goma sha ɗaya. Babu gonar inabin da bai tsaya ya kushe ba, babu tsohon cocin da bai shiga ya ce na Italiya ya fi ba. Nilda ta haƙura da duk wannan, tana saƙa, tana ƙirga kwanaki.

Ta miƙe.

"Juya mota. Mu cika su, mu mayar inda ka same su."

"Da wane ruwan? Wani yana gashinki, saura ya gauraye a tanki. Kuma an matse su, ba za su tsaya ba."

"Ka juya, na ce."

"To, Malama. Bari in yi miki lissafi, tunda ke ta firamare ce. Ƙarfe sha biyu yanzu. Kilomita casa'in ne zuwa can, casa'in dawowa, sannan arba'in zuwa Jáchal. Gimbiya ba ta wuce saba'in, ba kuma zan kashe ta saboda roba ba. Ƙarfe nawa za mu isa?"

Ta fara ƙirgawa da yatsu, ya riga ta.

"Ƙarfe uku da wani abu. Me 'yarki ta ce game da makara?"

Iska ta kwashi gora ɗaya ta fara gangarawa da ita titi. Nilda ta bi ta da gudu, mace mai shekara sittin da huɗu da ciwon gwiwa, ta take ta da ƙafa. Ta tsaya nan tana haki, tana kallon hanyar da suka baro, miƙaƙƙiya, ba kowa a kai sai zafi yana rawa. Ta juya ta kalli hanyar Jáchal.

Ta dawo ta tsince gorunan ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaure bakin ledar da kyau, ƙulli biyu. Ta zaro bargon, ta tura ledojin can ƙurya bayan kujerun naɗewa, ta rufe murfin, ta murɗa makulli, ta jefa shi aljihun rigar sanyinta.

"Ka ji ni da kyau, tsoho. In muka isa, bakinka na cin abinci ne kawai."

"Ni da ban cika magana ba."

*

Ƙarfe ɗaya saura biyar Gimbiya ta shiga farfajiyar gidan, ta karya reshen zaitun ɗaya da goshinta. Dakta ya sauka ya fara duba fenti kafin ya duba mutane.

Gidan ƙasa ne mai faɗi a bayan gari, da rumfar inabi a gaba, da kan tirela a gefe an rufe shi da tamfol. Ɗan akuya na gasuwa a kan garwashi. An shimfiɗa farin mayafi a teburi, an jera faranti, amma kana shiga za ka san ba gidan da ake murna ba ne.

Eusebio ya fara fitowa, ƙato mai sanyin murya, yana goge hannu a wando.

"Sannunku da hanya. Doña Nilda. Don Fulvio."

Dakta ya buɗe baki zai gyara masa. Nilda ta taka masa ƙafa da dunduniya, ya rufe.

Bayansa uwarsa ce, Doña Petrona, gajeriya mai faɗi, wuƙar yanka nama a hannu. Ta ƙare wa motar kallo daga sama har ƙasa, ta karanta sunan zinariyar a hankali da leɓɓanta.

"Ikon Allah. Mutum ya ɗauko masai daga Buenos Aires ya yi ta yawo da shi a ƙasa. Ku shigo, surukai."

Sai ga Candela a bakin ƙofa.

Ta rame. Ta yanke gashin da Nilda ta yi shekara goma sha biyu tana taje mata kowace safiya. Idanunta jajur, kuma ba kukan murna ba ne. A kafaɗarta akwai wani ɗan abu cikin farin zane, ƙarami ƙwarai, bai yi kama da 'yar wata biyar ba.

"Mama."

"'Yata."

"Baba."

Dakta ya ɗaga hula, ya mayar. An gama gaisuwar shekara uku.

Nilda ta miƙa bargon. Candela ta karɓa ta shafa saƙar da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa.

"Kin wanke hannu? Likita ya ce sai an kiyaye."

"Na yi wanka da safe," in ji Nilda, sannan ta ji abin da ta faɗa. "Amma bari in sake."

Ta wanke a famfon tsakar gida, sau biyu, har gwiwar hannu. Ta zauna a benci ƙarƙashin inabi. Candela ta sunkuyo ta ɗora mata jaririyar.

Ba nauyi. Kamar an ɗora mata burodi mai ɗumi. Yarinyar ta buɗe ido ɗaya, ta dubi kakarta ba tare da wata sha'awa ba, ta kama maɓallin rigarta ta riƙe, ta koma barci. Nilda ta sunkuya ta sa hanci a kan 'yar.

"Ku yi haƙuri da fuskokinmu," in ji Eusebio. "Wani abokin aikina ne ya kira ɗazu. An yi mana ɓarna."

"Ɓarna?" Doña Petrona ta soke wuƙa a katako. "Ɓarna ita ce akuya ta shiga gona. Wannan tsinanne ne, ɗan tsinanniya. Allah ya busar masa da maƙogwaro. Ya ga ruwa a kofi ya kasa haɗiya. Ƙodarsa ta koma tsakuwa, fitsari ya gagare shi ranar bikin 'yarsa!"

"Mama, da baƙi."

"Su ji! Ai daga birni suke, can ake ƙera irinsu."

Dakta ya ɗauki empanada ɗaya, sambusar nan tasu mai nama, ya cika bakinsa da ita. Wannan ne abu mafi hikima da ya yi a wannan shekara.

"Me aka yi?" in ji Nilda. Muryar kamar ba tata ba.

Candela ta zauna a gefenta, ba kusa sosai ba.

"Bakwaini ce, Mama. Ko wata bakwan ma ba ta cika ba. Kilo ɗaya da 'yan kai. Kwana hamsin da biyu ta yi a kwalba a San Juan."

"Ba ki gaya min ba."

"In gaya miki, ki gaya wa Baba, ya ce ai jinin direba ne?"

Babu wanda ya kalli Dakta. Shi ma bai kalli kowa ba.

"A kwana na uku ta daina numfashi sau biyu. Likita ya ce mu kira fadan coci ya yi mata addu'a. Doña Petrona ta ce min in yi wa Marigayiya bakance. Na yi dariya, Mama. Ni 'yar Baba ce, na yi dariya a fuskarta. Sannan na shiga banɗakin asibiti na cika gora uku, na kwanakin da suka wuce, na rubuta kwanan wata a jiki. Daga nan kullum ɗaya. Eusebio yana wucewa da tirela ya ajiye. Ranar da ba shi da lodi, a babur yake zuwa."

"Har da ranar da aka yi ƙanƙara," in ji Doña Petrona. "Ya dawo da goshi a fashe."

"Na yi alkawari ba mai taɓa su, sai ranar da Deolinda ta taka da ƙafarta ta je ta yi godiya. Sunan Marigayiyar ne ai na sa mata." Candela ta goge hanci da bayan hannu. "Na san ruwan famfo ne. Na san abin da ya cece ta na'ura ce da likitoci. Ba sai an gaya min ba. Amma tun da aka kira ɗazu, duk minti biyar sai na sa hannu a ƙirjinta in ji ko tana numfashi."

Ta miƙo hannu ta yi hakan. Yatsunta suka taɓa na uwarta a kan farin zanen, ba ta janye da wuri ba.

"Marigayiya ba ta mantuwa," in ji Doña Petrona a hankali. "Shi ne abin tsoron. Ba ta tambayar wa ya ɗauka. Wa ya yi alkawari take tambaya."

Nilda ta ji maganar ta hau maƙogwaronta. Kalma huɗu ce ko biyar. Ta dubi ɗan hannun da ke riƙe da maɓallinta. Ta ce a ranta, bayan an ci abinci. Sannan ta ce, gobe. Ta haɗiye.

Minti goma sha huɗu Dakta ya yi bai ce uffan ba. A tarihin aurensu ba a taɓa yin haka ba. Empanada ta ƙare a bakinsa, ya goge leɓe da tsumma, ya yi gyaran murya irin ta gaban alƙali.

"Da izininku."

"Tsoho," in ji Nilda.

"Bayani ne kawai, don hankalin kowa ya kwanta. A fuskar doka, duk abin da mutum ya ajiye a bakin titin gwamnati ya juya ya tafi, ya sallama shi. Ba shi da mai shi. Saboda haka kalmar sata ba ta hau ba. Ana iya cewa rashin ladabi, ban ƙi ba, amma sata..."



Doña Petrona ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Ashe lauyan ɓarawon ya riga ɓarawon isowa."

"Mama, don Allah." Eusebio ya miƙe da sauri, mutum ne da ba ya son rigima. "Don Fulvio, bari in jawo tiyo in cika muku tanki kafin a zauna. Na san yadda hanyar nan take, duk wanda ya biyo ta a bushe yake isowa."

"Ba sai ka wahala ba."

"Ba wahala."

Ya ja tiyo ya zagaya bayan Gimbiya. Aka ji ya murɗa murfi. Ko minti biyu ba a yi ba aka ji ruwa yana malala a ƙasa. Ya dawo yana yarfe hannu, fuskarsa da mamaki na tsakani da Allah.

"Ai kusan a cike yake. A ina kuka sha ruwa haka? Ni shekara ashirin ina bin hanyar nan, ban san da famfo ba tsakanin sansanin can da nan."

"Muna da tattali," in ji Dakta.

Doña Petrona ta dubi farar motar, tana ƙyalli har tayoyi. Ta dubi Dakta. Ta zare wuƙarta daga katako ta goge a gaban riga, a hankali, gefe da gefe.

"Eusebio, kujeru ba za su isa ba. Masu irin wannan mota ba sa rasa kujerun naɗewa. Ɗauko wa baƙi nasu, kada benci ya ɓata wa Dakta wando."

"Akwai kujeru a ɗaki, Mama."

"Nasu na ce."

Eusebio ya je ya dawo.

"A kulle yake, Don Fulvio."

Nan ne Dakta Fulvio Bertolotti, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana kare kamfanonin inshora daga zawarawa, ya hango inda shari'a ta dosa, ya kuma yi abin da ya saba.

"Makullin yana wurin matata. Ita ta kulle."

Nilda ba ta motsa ba. Hannayenta biyu suna ƙarƙashin jaririya.

"Yana ina, Mama? A aljihu? Kada ki motsa, za ki tashe ta."

Candela ta matso, ta zura hannu a aljihun rigar sanyin, kamar yadda take yi tana ƙarama in tana neman alewa. Har ta ɗan yi murmushi.

"Har yanzu kina ajiye na'ana'a a nan."

Ta jefa wa mijinta makullin. Ya cafe.

"'Yata," in ji Nilda. "Tsaya. Ki ji."

"Me?"

Murfi ya buɗe a bayan mota. Aka ji ƙarar ƙarfen kujera an jawo. Sannan ƙarar leda, sannan wata ƙara mara nauyi, mai yawa, ta robobi suna zubowa a kan busasshiyar ƙasa suna gangarawa.

Eusebio ya daɗe bai fito ba.

Da ya fito, babu kujera a hannunsa. Gora ɗaya ya riƙo a matse, da hannu biyu, kamar tsuntsun da mota ta buge. Bai kalli Dakta ba. Matarsa ya kawo wa.

"Ta ranar ƙanƙara ce," ya ce.

Candela ta karɓa. Ta karanta kwanan watan. Ta juya gorar, ta sake karantawa.

Doña Petrona ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta ajiye wuƙa a kan teburi, ta yi alamar gicciye, ta ce, "Cikin gidana. A kan farin mayafina."

Dakta ya miƙe yana gyara hula.

"Kafin a yanke hukunci, a san wa ya amfana. Ni ko ɗigo bai taɓa jikina ba, da turare na goge fuska. Matar nan ce ta kwana tana min kuka wai ba za ta ga jika ba wanka. To ta yi wankan. Ta wanke gashi, har da sabulu sau biyu, ina ji. Kuma ni niyyata in zubar a shara kamar mutumin kirki. Wadda ta ɗaure ledar ta tura ƙurya ta sa makulli a aljihu, ga ta nan zaune."

Candela ba ta ko juya wajensa ba. Shi ta gama da shi tun shekara uku. Uwarta take kallo.

"Mama, kin sani?"

"Ba lokacin da na yi wankan ba. Na rantse miki..."

"Da kika shigo gidan nan, kin sani?"

"Na sani."

"Kin ga rubutun?"

"Na gani."

"Kin gane shi?"

Nilda ta rufe ido.

"Ni na koya miki shi."

"Kina zaune a nan ina ba ki labarin kwalba. Hannuna a kan naki."

"Da na faɗa, da ba ki ba ni ita ba."

Candela ta ajiye gorar a kan benci, a tsakaninsu. Ta miƙe tsaye. Ta miƙo hannu biyu.

"Miƙo min 'yata."

Nilda ta miƙe ita ma, jaririyar a ƙirjinta.

Ta ja da baya taku ɗaya.